Ya sa hoton jinyar mahaifinsa a tallan shayin rage teɓa

Daga Admin: Wata dattijuwa ce ta aiko, ta roƙi a sakaya sunanta. A yi sharhi da ladabi, uwa ce.

Assalamu alaikum 'ya'yana da jikokina na wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya fi ƙarfin kaina. Ni tsohuwa ce a nan Haɗeja, ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Malamar da take haya a gidanmu ce take rubuta muku abin da nake faɗa, ita ce 'yar wannan zaure. Mutumiyar kudancin Kaduna ce, Kirista, tana koyarwa a firamare, mun daɗe tare har ta zama 'yar gida. Na ce mata kar ta gyara min magana, kar ta sa sunan kowa, in kuka ya ci ƙarfina ta jira ni.

Maigidana ya rasu bara da kaka, ana tsaka da yankan shinkafa. Masunci ne tun tasowarsa, daga baya ya haɗa da noman fadama da bandar kifi. Mutum ne ƙaƙƙarfa mai jiki, da girma ya zo masa sai ya ajiye teɓa, abokansa suna tsokanarsa wai in ya shiga jirgi sai kifi ya san ya zo. Shi ma dariya yake yi, ya shafa cikin ya ce ai tuwon gidansa ne, wanda bai samu ba ya yi haƙuri. Ciwon ciki ne ya kama shi, likitoci suka ce daji ne. Ina kallo mutumin nan ya narke a hannuna kamar an sa man shanu a rana. Ni na yi jinyarsa, ni nake juya shi, ni nake goge masa jiki. Har yau in na ɗora tukunya sai in auna da nasa, sai na zo kwasa in tuna. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Maganar a kan ɗanmu na fari ce. Dole in yi muku bayanin wani abu, don Malama ta ce yaran yanzu da yawa ba su san shi ba. A yadda muka taso mace tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta zama su yi hira, ba ta yi masa faɗa baki da baki. Nawa kuma abin ya ninka, don sunan surukina aka sa masa. Ana yaye shi aka kai shi wurin ƙanin mahaifinsa a ƙauyenmu can wajen Baturiya, wanda suke kira Baffa, a can ya girma, sai da zai shiga sakandare ya dawo hannunmu. Yau ga shi da gemu, ban taɓa kiran sunansa ba. In ina so ya ci abinci sai in juya wajen bango in ce tuwo yana hucewa. Shi ma in yana da magana sai ya tsaya bayan labule ya faɗa wa labulen. Ba ƙiyayya ba ce, Allah shi ne shaida, a cikin 'ya'yana ba wanda nake ji a raina kamarsa. In ya yi laifi babansa nake faɗa wa, ko Baffa. Yanzu babansa ba ya nan.

Yaron nan ya yi karatu bai samu aikin gwamnati ba, sai ya kama sana'ar horas da mutane motsa jiki. Koci suke kiransa, har ni yanzu a unguwa Iyan Koci ake ce min. Babansa ne ya ba shi tsohuwar rumfar bandar kifi da ke bakin titi, ya share, ya yi daɓe, ya zuba siminti a gwangwanaye ya haɗa ƙarafan ɗagawa da hannunsa. Baffa bai so ba ko kaɗan. Ya ce namiji da ƙarfinsa ya bar fadama ya koma koya wa ƙarti tsalle, wannan rawa ce ba sana'a ba. Filin kuma na gado ne, tsakanin Baffa da maigidana, ba a raba ba. Maigidana ne ya yi ta lallashinsa har ya ce to, amma ranar da yaron ya jawo wa gida abin kunya, ranar zai sa kwaɗo a rumfar.

Sana'ar tana tafiya, sai dai masu zuwa ba kullum ba. Da damina in ruwa ya kwanta a unguwa ba mai zuwa, da azumi ba mai zuwa, ma'aikata in albashi ya yi jinkiri sai su ɗauke ƙafa. Shi ya sa ya shiga neman wasu hanyoyin a gefe, kuma wallahi da farko duk masu kyau ne. Yana bin alhazai masu ciwon suga har gida da safe ya taka da su. Yana sayar da igiyar tsalle. Yana ɗaukar kansa a waya yana nuna yadda ake yi, mutane daga wasu garuruwa su biya shi ya riƙa koya musu ta wayar. Yana tsara wa masu son rage jiki abin da za su ci. A nan ma har na sa hannu, ina yi masa dambun kifi da garin kunun alkama da gyaɗa ba sukari, yana ƙullawa yana sayar wa mutanensa. Ban taɓa faɗa masa ba amma ina jin daɗi. In na ji ana cewa Koci ya taimaki wane ƙafarsa ta saki, sai in shiga ɗaki in yi murmushina ni kaɗai.

Bayan rasuwar ne wani abokinsa ya zuga shi wai duk wannan wahala ce, arziki yana wurin shayin rage ƙiba. Sai ga shi da buhun ganye. Ina gani na gane filasko ne, an haɗa da citta da kanumfari don ƙamshi. Duk macen da ta yi goyo ta san filasko, maganin cushewar ciki ne, in ka sha sai ka wuni kana zarya bayan gida. Na juya wajen bango na ce wannan ganye dai ba a shansa kullum. Na ji ya yi dariya a tsakar gida ya ce wa ƙofa an ji. Aka sa shi a 'yan kwalaye masu kyau, shayi ya shiga gari. Abin bai kwanta min ba, amma na ce ko mene ne ganye ne, wanda ya sha ya ji a jikinsa zai bari da kansa.

Ranar da na gani, taron suna na je a bayan layinmu, karo na farko da na shiga taro tun rasuwar. Muna zaune ana cin waina sai na ga matasan matan sun haɗa kai a kan waya suna ƙyalƙyata dariya. Ɗaya ta ce, “Kai jama'a, wannan tumbi ko randa!” Wata ta ce, “Ke dai dubi yadda ya koma, ciki ya shafe kamar saurayi. Wallahi sai na saya wa Baban Ummi, na gaji da ɗinka masa riga yadi goma.” Sai mai wayar ta hango ni ta taso da murnarta, “Iyan Koci, zo ki ga aikin ɗanki, Allah ya yi masa albarka.” Ta miƙo min har fuska.

Hoto biyu ne a jere, an yanke kan mutumin daga wuya. Na farko yana tsaye a bakin ruwa ba riga, ya riƙo taru, cikinsa a gaba. Na biyu yana jingine da bango, an ɗaga masa riga, ciki ya lafe. Ba kai, amma ni ina buƙatar kai? A ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama akwai tabo, inda ƙayar kifin ƙurungu ta soke shi tun muna amare, ni na gasa masa wurin da ruwan zafi har ya warke. Tabon yana nan a hoton farko, yana nan a na biyu. Wainar da ke bakina ta koma min kamar ƙasa. Ban san yadda na tashi ba, na dai tsinci kaina a bayan gidan mutane ina amai. Suka ce ko man wainar ne ya yi min yawa, na ce shi ne.

Da na dawo gida na kira Malama na ce ta nemo min tallan shayin a wayarta ta karanta min abin da aka rubuta. Ta karanta, wai wani Alhaji ne daga Kano ya sha shayin Koci ya rabu da teɓa, ga shi kafin ga shi bayan, a yi maza kafin ya ƙare. Ta ce, “Mama, ai ni ma hoton nan ne ya sa na saya.” Na ce ta matso min da na biyun kusa. Ta ja shi da yatsu ya yi girma. A gefe, inda aka tattare rigar, ga yatsu uku na mace da zoben azurfa. Malama ta dubi hoton, ta dubi hannuna, ta dafe ƙirji ta ce, “Wayyo Allah, Mama, zobenki ne.” Ta tashi ta ɗauko kwalin nata ta juye a kwata, muka zauna muna kuka mu biyu.

Bari in faɗa muku yadda aka ɗauki wannan hoto. Lokacin ciwon ya fara cin jikinsa, wani likita a Kano ya ce kafin mu ɗauko shi mu yi doguwar tafiya a turo masa hoton cikin ya ga yadda ya rame. Maigidana mutum ne mai kunya, a bakin ruwa ne kawai yake tuɓe riga, a gida ko 'ya'yansa ba sa ganin jikinsa. Da ƙyar ya yarda. Ba ya iya tsayuwa sosai, muka jingina shi da bango, ni na ɗaga rigar ina tallafe da shi ta gefe, yaron nan ya ɗauka. Ina jin jikinsa yana rawa a hannuna. Ya ce, “Ku yi sauri ku rufe ni. Kuma ban da likita kar kowa ya gani.” Yaron ya ce, “To Baba.” Da kunnena na ji. To wannan hoto ne yau yake yawo a wayar matan gari, ana cin waina ana yaba yadda ya yi kyau. Mutuwa ce take cinsa a hoton nan, ita ake nuna wa mutane a ce su kawo kuɗi su zama haka.

Ni tunda nake ban taɓa jin ƙyamar abu kamar wannan ba. Na yi aikin kifi shekara da shekaru, na sa hannu a ruɓaɓɓe, na kwashe abin da majinyaci yake yi ban toshe hanci ba. Amma yanzu ƙamshin cittar nan in ya taso daga ɗakinsa sai in toshe hanci in bar wurin. Shinkafar da ya sayo ta gagare ni haɗiya, in na kai loma sai in ga kamar naman babansa nake ci. Malama ce take zubo min nata a ɓoye.

Da yake ba zan iya tararsa ba, sai na aika aka kira min autata da ke aure a Kafin Hausa, na faɗa mata, na ce ta je ta same shi. Ta same shi a rumfar, ta dawo idonta jawur. Wai da farko musu ya yi, ya ce hoton wani ne ya samo a waya. Da ta ambaci zoben sai ya sauya magana, ya ce to ai ba fuska, wa zai gane, kuma duk masu wannan sana'a haka suke yi, wasu ma hoton da ba su san mai shi ba suke ɗauka, gara shi na gida ya ɗauka bai ci haƙƙin kowa ba. Ta ce masa Baba fa ya ce kar kowa ya gani. Ya ce Baba da yana raye shi zai fara cewa ya yi, don ba ya son ya gan shi a wulaƙance, kuma da wannan shayin yake saya wa Iya maganin hawan jini, in an fi so ya zauna ya zuba ido to a faɗa masa. Ta ce masa bai ji kunyar Allah ba, ya ce ta koma gidan mijinta ta bar masa nasa. Har ya ce in aka matsa masa zai tattara ya tafi Abuja, dama ana ta kiransa, garin nan ba a san darajar mai nema ba. Abin da ya fi ƙona min rai, ta ce ko sau ɗaya muryarsa ba ta yi rawa ba. Ni kuwa tun ranar na bar shan maganin nasa, Malama tana ta yi min faɗa.

Na zaci ko don ƙanwarsa ta yi magana zai cire a hankali. Ashe gaba ya yi. Shekaranjiya mai Keke Napep ya sauke wani abu a naɗe a zaure ya ce saƙon Koci ne. Na ce Malama ta warware mu gani. Wani ƙaton tamfol ne aka buga hotunan nan biyu a jiki, kowanne ya kai tsayin mutum, tabon nan ya yi faɗin tafin hannuna, zobena kuma kamar awarwaro. Ta karanta min ƙasan, bikin buɗe sabon shagon shayi ne, za a rataya shi a gaban rumfar, a bakin titin da masunta suke bi su kai kaya kasuwar kifi. Rumfar da mutumin nan ya ƙare ƙuruciyarsa a cikin hayaƙinta, nan za a rataye shi tsirara.

A waya matasa ne suke gani, ba su san shi ba. A bakin titi kuwa abokansa ne za su wuce, waɗanda suka yi shekaru suna tuɓe riga tare a ruwa. Baffa kuma duk ranar kasuwa yana shigowa gari, ta nan yake bi. Yana cikin jirgin ranar da ƙayar ta soki ɗan'uwansa, shi ya zare ta, kuma shi ya yi masa wankan gawa. Kallo ɗaya zai yi.

Ban san lokacin da na naɗe tamfol ɗin na ja shi ɗakina ba. Na ninke shi na shimfiɗa a ƙarƙashin tabarmata, a daidai inda maigidana ya yi jinya. Ban iya ƙona shi ba, jikinsa ne a kai, ta yaya zan sa masa wuta? Ban iya jefarwa ba. Kuma na san ɓoyewa ba magani ba ce, wanda ya buga ɗaya zai buga wani, hoton kuma yana nan a waya.

To ga inda na tsaya. Hanyar da na sani tun ina yarinya ita ce in kai wa Baffa, shi ne ubansa yanzu. Amma na san Baffa. Ba zai tsaya a shayi ba, kwaɗo zai sa a rumfar gaba ɗaya kamar yadda ya rantse, ya tara dangi ya faɗa musu, ƙila ya ɗaga masa hannu a gaban mutane. Sana'ar da yaron nan ya gina da guminsa, har da mai kyaun, duk za ta rushe, abin da nake son rufewa kuma ya zama labarin gari. Yaron zai tafi, na san zuciyarsa, irin ta babansa ce, in ya tafi da fushi ba lallai ya dawo ya same ni da rai ba. Na binne miji bara, ban shirya rasa ɗa bana ba.

In kuma na yi shiru, na ci amanar mutumin da ya ce a rufe shi. Ni na ɗaga rigar nan da hannuna. Gobe ƙiyama in na same shi me zan ce masa? Ga kuma bayin Allah da ake yaudara suna ɗura wa cikinsu filasko.

Malama ta ce akwai hanya ta uku. Ta ce, “Mama, ki bar bango, ki bar labule, ki kira shi da sunansa ki zaunar da shi ki dube shi ido cikin ido. Bai taɓa jin muryarki a kansa ba, wallahi in ya ji sai jikinsa ya mutu.” Na ce ke ba za ki gane ba, a wurinmu wannan kamar in fita kasuwa ba mayafi ne, uwata ba ta yi ba, kakata ba ta yi ba. Ta ce to shi marigayin da aka fitar kasuwa ba riga fa? Ta ce in gwada faɗin sunan a gabanta ko sau ɗaya. Na buɗe baki, harshena ya yi nauyi, hawaye ne kawai suka zubo. Kuma ina tsoro, in na karya kunyar da na riƙe tun haihuwarsa, na kira shi, ya dube ni ya ba ni amsar da ya ba ƙanwarsa, to me ya rage tsakanina da shi? Bakin uwa ba abin wasa ba ne, ina tsoron abin da zai fito daga nawa a lokacin.

Yanzun nan da muke wannan rubutu ya shigo gidan. Ya tsaya bayan labule ya yi sallama, ya ce wa labulen ko an ga wani tamfol da aka kawo a naɗe, gobe da safe za a rataya. Malama ta sunkuyar da kai a kan wayarta. Ni kuma ina zaune a kansa, ina jin sanyin ledar ta cikin tabarma. Na juya wajen bango na ce tuwo yana hucewa.

Jibi ne kasuwa, Baffa zai shigo. Ku da kuka san zamani, ku da kuke da 'ya'yan fari, da ku da kuke 'ya'yan fari, ku faɗa min don girman Allah. In kai wa Baffa in rasa ɗana? Ko in ɗaga labulen nan in kira shi da sunan da ban taɓa faɗa ba? In kuwa kiran nasa ne, da wace kalma uwa take farawa? Malama za ta karanta min duk abin da kuka rubuta. Wanda ba shi da shawara ya yi wa maigidana addu'a, Allah ya mayar masa da suturar da aka yaye masa.